Yaya da Kariyar da Ba Ta Fasa Ƙwai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Yuni, Allah Ya karɓi ranka, Yaya, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ka bar mata da 'ya'ya, da sabon keke jingine a tsakar gida.

Tun da ka yi ritaya ka ƙudura sai ka je ka gaida Goggo a kan keke, domin tsufa ya hana ta tafiya. Hanyar kuwa rabinta kwalta ce, sauran burji da yashi da ramuka. Ka ce keken da zai yi wannan tafiya ba a zaɓensa da ido. Sai an ɗaura masa kariyar ɗaukar kaya a gaba, an aza kiret ɗin ƙwai, an zaga bayan gari. In ƙwai ɗaya ya fashe, keke ya faɗi jarrabawa.

Allah Ya sani mun ci soyayyen ƙwai a gidanka har ya fita ranmu. Mai sayar da kekuna in ya hango ka da kiret sai ya tuna yana da unguwa. Mai walda ya yi ta sauya ƙafafun kariyar nan har ya ce, "Malam, don Allah ka dafa su mana kafin ka ɗora." Ba ka yi fushi ba, ka aika masa da fasassun a kwano. Haka kake, asararka ma sai maƙwabta sun ci moriyarta.

A ƙarshe ka samu mai faɗin taya, kariyarsa ƙasa-ƙasa, daf da ƙafar gaba. Ka dawo kana haki kana dariya, ƙwai lafiya lau. Ka sa ranar tafiya, ciwo ya riga ka.

Bayan an share makoki matarka ta turo mini keken, ta ce, "Kai za ka je wa Goggo a madadinsa." Na je wa Goggo gaisuwa a kansa, da kiret a gaba, ina tuƙi hawaye na hana ni ganin ramuka. Ko ɗaya bai fashe ba. Goggo ta shafa ƙwan da hannunta, ta ce, "Ashe dai ya iso."

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya sassauta maka hanyar da ka hau, Ya sa Aljanna ce masaukinka. Matarka da 'ya'yanka da Goggo, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba mu baki ɗaya.