Haruffa biyun da na canja wa Yohanna

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar abokina Yohanna, kuma har yau ban faɗa wa kowa abin da na yi masa ba.

Ɗan Kudancin Kaduna ne da ya tashi a Tarauni, Hausarsa ma ta fi tawa daɗi. Bayan soja sun koma bariki, wata ƙungiya mai wayar da kan masu zaɓe ta ba mu aikin gina mata shafin intanet. A wani ɗan shago muke yi a Gyadi-Gyadi, kwamfuta ɗaya, kujera biyu.

Dabarar duk tasa ce. Bayanan suna cikin fayil na XML, da Hausa da Turanci. Shafin sai ya miƙa wa fayil ɗin XSL, mai tsara su, wani ɗan saƙo da ake kira paramita: "ha" ko "en". In ba a miƙa komai ba, Yohanna ya sa Hausa ta fito. Da na yi musu sai ya ce, "Haba Sabo! Mutum ya shigo gidanka a Kano bai ce uffan ba, da wane yare za ka yi masa sannu da zuwa?"

Ana gobe masu tallafa wa ƙungiyar za su zo daga Abuja, na mayar da yaren da ke fitowa in ba a miƙa komai ba daga "ha" zuwa "en" a ɓoye, don kawai in burge su. Na manta adireshin da aka buga a takardun da aka raba unguwa-unguwa ba ya ɗauke da paramita. Duk wanda ya buɗe, Turanci zai tarar.

Wata tela daga Unguwar Gano, Hajiya Ladi, ta sa aka buga mata shafin a takarda a shagon intanet, ta kawo wa Yohanna. "Ɗana, ba ka ce da Hausa ne ba?" Ya tambaye ni ko ni na canja, na rantse ban taɓa ba. To, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ya buɗe fayil ɗin a gabana, ya gyara, bai ko dube ni ba. Ba a daɗe ba ya koma Jos. Sau biyu ya kira ni, kunya ta hana ni ɗauka.

Yau intanet tana aljihun kowa, ba mai tuna XSL sai irinmu masu furfura. Da yana nan, na san zai karɓi wayar mutum ya duba da wane yare take tarbarsa, ya ja tsaki.

Da-na-sani ƙeya ce, wallahi tana cina. Duk shafin da na gina tun daga nan, "ha" nake sawa, abin da ya bar mini ke nan. Amma ba wannan ya tambaye ni ba. Yohanna, ni na canja.