Kwalbar da Inna Ta Hana Ƙafewa

Ƙanwata ce mai boko a gidanmu. Ni gero nake nomawa a gefen Mayahi, ita kuwa tana can wata jami'a a ƙasar waje tana renon gishiri. Ba na miya ba, wani ne da suke haɗawa da kansu daga sinadarai, ya daskare ya zama ƙwaya garai-garai. In aka harba masa hasken da ido ba ya gani, sai ya fito ta ɗaya gefen kore shar. Na ce mata shekara ashirin tana lakkwal, tana karatu, don ta rina fitila, ta jefe ni da takalmi.

Bazarar da ta zo hutu, yanar ido ta fara rufe ganin Inna, mahaifiyarmu. Kullum maƙwabta suka tambayi aikin ɗiyarta sai Inna ta yi shiru, kuma shirun nan yana cin ran ƙanwata. Ta rantse sai Inna ta ga abin da idonta kafin ganin ya tafi. Kwana ashirin gare ta.

Na aikinta ba ya renuwa a ɗakin ƙasa, don haka ta ce za ta gwada da gishirin kasuwa, hanyar ɗaya ce. Ta narka shi a ruwa har ruwan ya ƙoshi, ta tace a kwalba, ta rataya ƙwaya guda da zare, ta rufe da ƙyalle, ta ajiye a lungun ɗakin Inna. In ruwan yana ƙafewa a hankali, ƙwayar za ta yi girma. Ta kafa mana doka kada kowa ya taɓa.

Kwana uku, ƙwayar ta narke. Ta sa wata, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Ruwan kuwa ko ɗigo bai ragu ba, a zafin da ke busar da wanki kafin a gama shanya. Ni ta fara zargi, abin ya ba ni haushi ƙwarai, har muka yini ba ma magana.

Ana jibi za ta tafi, da sassafe, na tarar da Inna durƙushe da moɗa tana lalube bakin kwalbar, tana ƙara ruwa. Matar da ta yi shekara arba'in tana jan guga a rijiya mai gaba talatin, ba a taɓa ganin gindin randarta ba. Na kira ƙanwata ta gani.

Inna ta ce, "To mi kuke so in yi? Ruwan ɗiyata shina ƙahewa ina kallo?"

Ƙanwata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta koma kuka. Ta sake haɗa ruwan, ta rataya wata ƙwayar, ta tafi tun ba ta girma ba.

Inna ta karɓi gadi. Kowace safiya takan tsaya kan kwalbar da moɗa a hannu, ta yi tsaki, ta mayar da ruwan randa. Na tausaya mata, don ban taɓa ganin aikin da ya wahalar da ita kamar wannan ba.

Da ƙwayar ta kai girman wake, idon ya riga ya rufe. Na ciro ta na ɗora mata a tafin hannu, na kira ƙanwata a waya. Inna ta daɗe tana juya ta da yatsu.

Ta ce, "Kusurwa takwas gare ta, ɗiyata. Na ƙirga sau biyu. Wa ya sassaƙa ta?"

Ƙanwata ta ce, "Ke, Inna."