Farar Takardar Inna Tokiko

Shekara arba'in da ɗaya ke nan, kullum da sassafe Inna Tokiko za ta share ƙofar shagonta, ta yayyafa ruwa, sannan ta jera fararen kofunan ɗanɗano a kan katako. Giyar shinkafa take sayarwa a garinmu da ke gindin duwatsun Niigata a ƙasar Japan. Ni da na tsufa ina raba wasiƙu, ban taɓa riga ta fitowa ba.

Kowane lokaci na shekara da giyarsa, amma ta kaka, wadda ta kwanta a rumbu tsawon watannin zafi, ita ce ake jira. Masu dafawa kan kawo mata kwalbar farko. Ta kurɓa, ta juya a baki, ta tofar, sai ta ɗauki alƙalami ta rubuta layi ɗaya a takarda ta manna. Da wannan takarda duk gari ke saye. Irinmu da ba mu bambance mai kyau da ruwan wankin shinkafa, da harshenta muke sha.

Ba ta sayar da wannan amana ko don tausayi. Shekarar da mahaifin Shinsuke ya rasu ya bar masa gidan dafa giya, ya kawo dahuwarsa ta farko. Mu duka muna yi mata ido ta sassauta. Ta ce giyar ba ta nuna ba, ya mayar ta ƙara kwana ashirin. Ranar na ji haushinta, ba zan ɓoye ba. Da ya dawo da ita, layin da ta rubuta shi ya tsayar da gidan da ƙafafunsa.

Bana Shinsuke, wanda yanzu har furfura ta fara masa, ya kawo ta kaka, shago cike da jama'a. Inna ta kurɓa, sai ta ajiye alƙalami. Ta faɗa mana cewa tun zazzaɓin da ta yi da bazara harshenta ya mutu, giya da ruwa duk ɗaya take ji. Babu wanda ya sani. Da ta maimaita rubutun bara, wa zai gane?

"Inna, rubuta ko mene ne," in ji Shinsuke. "Ai kin san hannuna."

"Hannunka na sani, ɗana. Wannan kwalbar ce ban sani ba."

Ta manna farar takarda babu rubutu, ta zuba mana a kofuna, ta ce kowa ya ji da bakinsa. Muka riƙe kofuna muna kallon juna kamar marayu. Ta kuma sanar da mu cewa ƙarshen wata za ta miƙa shagon ga 'yar ƙanenta.

Inna Tokiko, ke ce mai magana ɗaya. Kin gwammace ki rasa kujerarki da ki ba mu shaidar abin da ba ki ji ba. Raina ya sosu, amma ban taɓa ganin girmanki kamar ranar ba. Mun gode, mun kuma gode.

Ku da jama'a ke dogaro da bakinku, ku yi koyi da ita. Faɗin "na sani" kowa ya iya. A ranar da sanin ya ƙare ake gane mai amana.