Kwanon Tuwon da Na Cinye a Karmo

Mu biyar ne a tsakar gida ranar Lahadin nan. Akwai ni. Akwai ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, mai ɗaukar kaya a wani sito a Idu. Akwai matarsa, 'yar manoman Jiwa, wata bakwai da ɗaura musu aure. Akwai ƙanwar marigayi mijina, wadda yara ke ce wa Gwaggo, kwananta uku da zuwa daga Zariya. Sai maƙwabcinmu mai shagon atamfa, wanda Gwaggo ta kira ya zama shaida, ya zauna a bakin ƙofa yana jan carbi.

Ƙwannafi ne ya tara mu. Wata biyu ke nan yana damun yaron. Haka kawai zai dafe ƙirji, ya ce wuta ce ke hawowa daga cikinsa har maƙogwaro, ya yi gyatsa mai tsami ya tofar. Ya lafa kwana biyu, ya dawo. Ni nake jiƙa masa kanwa. In ya sha sai abin ya ɗan kwanta, anjima ya sake tashi.

Gwaggo kuwa kwana uku ya ishe ta gano kan ciwon. Ta ce a abinci aka ba shi. Ta ce duk wanda ya ɗauko mata daga gidan da ba a san asalinsa ba, irin abin da zai gani ke nan. Ta ce ba za ta koma Zariya ba sai yarinyar ta bar gidan.

Bayan azahar yarinyar ta kawo wa mijinta tuwon dawa da miyar kuka, ta durƙusa ta ajiye. Gwaggo ta sa ƙafa ta tura kwanon gabanta.

"Ci. In babu komai a ciki, yi loma uku mu gani."

Yarinyar ta buɗe kwanon. Ƙanshin daddawa ya taso, ta kau da kai, ta rufe hanci da gefen zane.

"Kun gani ko? Malam, ka dai shaida," in ji Gwaggo. "Abin da hannunta ya dafa, bakinta ya ƙi."

"Mama," yarinyar ta ce da ni, da irin Hausarta ta Jiwa, "Gwaggo ya ce na sa abu. Wallahi ban sa ba."

Na san ba ta sa ba. Na kuma san abin da ya hana ta ci. Mako biyu ina ganinta da sassafe tana amai a bayan banɗaki, tana tsotsar tsamiya a ɓoye, tana ɗaure hanci in za ta jefa daddawa a tukunya. Ciki ne da ita, na fari. Amma wace mace ce za ta buɗe baki ta faɗi cikin fari a gaban surukai da baƙon namiji? Ni ma da nake uwar miji, ba maganar da zan yi ba ce a gaban ɗan fari. Kunya ta ɗaure ta, ta ɗaure ni, Gwaggo tana ta zuba.

Na dubi ɗana. Jira nake ya ce ko da kalma ɗaya. Ƙaton mutum mai ɗaukar buhu biyu a kafaɗa, ya sunkuyar da kai yana tsinkar bakin tabarma. Har yau in na tuna zaman nan nasa sai raina ya ɓaci.

Na jawo kwanon. Na wanke hannu, na yi bismilla, na fara ci.

"Yaya, me kike yi haka?" in ji Gwaggo.

"Guba nake ci. Ki tsaya ki ga faɗuwata, ki kai labari Zariya."

Ban tashi ba sai da na suɗe miyar. Tuwon ƙato ne, ni kuma na riga na ci nawa, amma haushi ya buɗe masa hanya. Mai atamfa ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri." Na ce masa ai shaida aka kira shi, ya ci gaba da shaidawa.

Daga nan na shiga ɗakinsu na ɗauko rigar aikin ɗana, na zazzage aljihunta a kan tabarma. Ƙwayoyin ciwon jiki suka zubo, kati uku, biyu duk an ɓalle. Ga ƙullin yaji, ga goro, ga rabin karan sigari. Da ya ga sigarin sai ya rufe fuska da hula.

"Kai, ɗago ka dube ni. Kokon da take dama maka da safe, kana sha?"

"Mota ke wuce ni, Inna."

"Ƙwayar nan a kan me kake shan ta?"

"A kan shayi. Baƙi. Bayana ne ke ciwo."

"Kullum?"

"Kullum. Wani lokaci sau biyu."

"Da rana fa?"

"Taliya da manja, a bakin sito."

"Ka zuba yaji har ta yi ja, ka tashi ka ɗaure ciki da wannan faffaɗan bel ɗin, ka duƙa ɗaukar buhu. Ka dawo gida ka cika ciki, kafin a kwashe kwano ka miƙe a tabarma. Ƙarya na yi?"

Ya ƙara jawo hular kan fuskarsa.

Ban yi boko ba, amma ina da ido da kunne. Akwai ma'aikaciyar asibiti da muka taɓa haya gida ɗaya da ita, ta sha gaya mana irin ƙwayoyin nan suna cin ciki in an sha babu abinci. Ta ce mai ƙwannafi ya rage maiƙo da yaji da shayi mai kauri, ya ci kaɗan kaɗan, kada ya kwanta a kan ƙoshi, ya ɗaga kan gadonsa. Ta ce in abin yana ta dawowa, asibiti ake zuwa, ba kanwa ake ta ɗirka ba. Duk na ji. Amma yajin da ya faɗo daga aljihunsa ni na daka shi da hannuna, na ƙara barkono don na san yana so. Kanwar ma ni ce mai jiƙawa. Wata biyu ina kallo ina shiru, don kada a ce na shiga tsakanin miji da mata, har wata ta taso daga Zariya ta shiga.

Gwaggo ta taɓe baki ta ce, "To in haka ne me ya hana ta ci?"

"Ke da kika haifi takwas kike tambayata?"

Sai a nan Gwaggo ta gane. Mai atamfa ya tashi ya ce la'asar ta yi. Sai a lokacin na waiwaya, babu yarinyar. Tun ina zazzage aljihu ta ɗauki mayafinta da 'yar jakarta ta fice. Matan layi suka ce sun ga ta hau okada ta yi hanyar Jiwa.

Da yamma ƙwannafi ya kama ni, ni ma. Ban jiƙa kanwa ba. Na ƙi kwanciya, na zauna na jingina da bango har ya wuce.

Da gari ya waye na sa ɗana ya ɗauko bulo biyu ya sa a ƙarƙashin kan gadonsa. Na dama koko ba yaji, na tsaya a kansa ya shanye. Na ƙulle ƙwayoyin a leda na ba shi, na ce ya kira ogansa ya ce ba ya zuwa, ya je asibiti ya nuna musu abin da yake sha. Gwaggo kuwa, na nuna mata hanyar tasha.

Ni kuma na sayi tsamiya mudu guda, na hau mota zuwa Jiwa. Ba uwar miji ke zuwa biko ba, na sani, amma wanda ya kasa buɗe baki jiya ba shi zan aika ba. Na tarar da uwar yarinyar tana shirin tafiya gona, da fartanya a kafaɗa. Ba ta ba ni tabarma ba. Ta daɗe tana dubana.

"Kai ne ya cinye tuwon?"

"Ni ce."

"Duka?"

"Har miyar."

Ta ajiye fartanyar, ta leƙa ɗaki ta yi magana da yarensu. Aka shimfiɗa mini tabarma. Can yarinyar ta fito, idonta a kumbure, ta durƙusa ta gaishe ni. Na miƙa mata tsamiyar, na ce daga yau ni zan riƙa yin miya. Na karɓi jakarta na ɗora a cinyata, na jira ta sa takalmi.