Masunci a Cikin Jirgin Sama

Da asuba muka baro Jambutu zuwa filin jirgin Garwa, ni da matuƙin, ɗan wani abokina. Wani ƙauye muka nufa can bayan Lagdo, don mu ɗauko aminina, tsohon masunci da yanar ido ta kusa makantarwa. Ruwan sama ya cinye hanyar mota, likitocin ido da suka zo Garwa kuwa sun kusa barin gari.

Na hau manyan jirage zuwa Jidda da Duwala, amma ban taɓa shiga ƙarami irin wannan ba. Kujera huɗu, 'yar taya a wutsiya, kuma ina jin ya girmi matuƙinsa. Daga sama gonakin shinkafa kamar an shimfiɗa tabarmi.

A ƙauyen aka tarbe mu da kifi banda, mai arhar da na ji kunyar tayawa. Kafin mu wanke hannu, iska ta juya. Hayaƙin masu banda ya kwanta, yana ratsa filin da muka sauka daga dama. Matuƙi ya daɗe yana kallonsa.

"Baba, in ta ƙara ƙarfi nan za mu kwana," in ji shi. Ya ce iskar gefe takan ɗaga fiffike, ta kuma murɗa hancin irin wannan jirgi. Don haka zai kwantar da fiffiken dama cikin iskar, ya riƙe hancin da ƙafafunsa. "Za ku ji mun karkata. Kowa ya zauna yadda yake."

Muka shiga, ni da aminina a baya, ina hagunsa. Muka fara gudu, jirgi ya karkata. Aminina, wanda ya tsufa a kwalekwale, ya yi abin da jikinsa ya sani: ya faɗo kaina gaba ɗaya.

"Ku danna hagu! Zai kife!"

"Malam, ba kogin Binuwai ba ne!" na ce.

"Ko'ina ne, abin da ya karkata kifewa yake yi!"

Na rungume shi tamau, hulata a ƙasa. Tayar hagu ta tashi, ta dama ta biyo ta, matuƙi yana dariya.

Kafin azahar muna Garwa, kuma mun iske likitocin. Tafiyar ta koya mini cewa wani karkacen da gangan ake yin sa, don a tafi daidai.

Da aka kwance masa ido bayan aiki, aminina ya ce a kai shi ya ga jirgin. Ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa fiffike, ya dube ni.

"Alhaji, wannan abin? Wallahi da ina gani, da ban shiga ba."