Gurbin Bahaguwa a Utako

Har gobe ban manta da Asabar ɗin da Mama Ladi ta shigo ayarina a Utako ba. Ku sababbin shiga ku matso ku ji, don na lura wasunku sun ɗauka aikin jagora iya Turanci ne da riƙe lema.

Ga wanda bai san aikinmu ba, mukan tara mutane da safe mu zagaya da su unguwa a ƙafa, muna nuna musu abin da kwalta da benaye suka danne. Da yawa sun ɗauka Abuja daga sama ta faɗo, alhali akwai ƙauyukan Gbagyi a nan tun kafin katafila ta iso. Lokacin ni ne babban jagora. Ƙa'idarmu ita ce ba a kai baƙi hanyar da jagora bai taka da ƙafarsa ba, bai kuma saba da mutanen da ke bakinta ba. Mai shayi, mai faci, maigadi, duk sai ka san su. Oga, mai kamfanin namu, yakan ce gaisuwata ta fi yawona tsawo, ni kuwa ban fasa ba.

Da damina ne, an kwana ana ruwa. Muna shirin tashi sai wata ma'aikaciyar jinya mai suna Rifkatu, daga Kurudu, ta ja ni gefe. Tana riƙe da hannun wata tsohuwa, ita ce Mama Ladi.

"Malam Habu, mamata ce," in ji ta. "A nan Utako aka haife ta tun yana ƙauye, aure ya ɗauke ta. Yanzu yanar ido ta kusa rufe mata gani. Ta ce ba ta son komai sai ta taɓa inda mahaifiyarta take niƙa. Mun gaji da yawo a mota, ko dutse ɗaya ba mu gani ba."

Ni kuwa na san dutsen. Wani falale ne a bayan tashar mota, duk jikinsa gurabe ne da matan ƙauyen suka ƙwaƙule da niƙan dawa. Kowace mace da nata gurbin, ba a hawa na wata. Na daɗe ina nuna wa baƙi shi. Amma a watan nan an kewaye filin da langa-langa, kuma na ji cewa mako mai zuwa za a sa masa nakiya a fara gini. Oga ma ya cire shi daga hanyarmu.

Na kira shi a waya na yi masa bayani.

"Habu, kada ka jawo mana magana. Filin mutane ne."

"Oga, ba haurawa zan yi ba. Ta ƙofa zan shiga, in an yarda."

"To. In an ce a'a, ka juyo."

Maigadin wurin Baba Isiyaku ne, mutumin Jigawa. Tun filin yana fili nake tsayawa mu gaisa, har ranar da zazzaɓi ya kayar da shi na je duba shi. Da na faɗa masa abin da ya kawo mu, ya ce injiniya ya hana kowa shiga, kuma zai iya rasa aikinsa. Sannan ya dubi tsohuwar. Can ya zaro wayarsa ya kira injiniyan da kansa.

"Ranka ya daɗe, mutumin nan na san shi ba yau ba. In ko ƙusa ta ɓace, ni za ka riƙe."

Aka yarda mu uku mu shiga, sauran ayarin su tsaya a bakin ƙofa.

Nan kuma wata sabuwa ta taso. Gurabe ga su birjik, duk cike da ruwan sama. Mama Ladi ta ce akwai bishiyar ɗorawa da take gane wurin da ita, to an sare ta tun tuni. Ta yi ta laluben dutsen da sandarta, har ta gaji ta zauna.

"Mama, duk iri ɗaya ne," in ji Rifkatu. "Ki taɓa ɗaya mu tafi."

"Ban zo taɓa na wata ba," ta ce.

Wallahi tausayinta ya kama ni. Sai na yi mata irin tambayar da muke yi wa tsofaffi idan muna tattara labarin unguwa. Na tsuguna na ce, "Mama, yaya take yin niƙan nata?"

Ta yi 'yar dariya. "Da hagu take komai, ɗana. An doke ta an gaji, ba ta daina ba."

Nan take na tuna wani abu. Akwai wani gurbi can gefen falalen da ya daɗe yana damuna. Duk sauran sun fi zurfi ta dama, shi kaɗai ya karkata hagu. Na sha tambayar dattawan unguwar dalili, ba wanda ya sani. Na kama hannunta na kai ta wurin, na kwashe ruwan da tafin hannuna.

Ta tuɓe takalmanta, ta durƙusa, ta sa hannu biyu a ciki. Ta tura gaba, ta jawo baya, kamar akwai dawa a ciki. Ta fara wata waƙa da Gbagyi ƙasa-ƙasa. Rifkatu ta juya baya tana share ido, Baba Isiyaku kuma ya sunkuyar da kai.

"Shi ne," in ji Mama Ladi. Ta dafa gefen gurbin. "Nan nake zama ina korar kaji."

Wani zai ce ina hujja. Ta ce a duk ƙauyen, uwarta ce kaɗai bahaguwa, ni kuma wannan ya ishe ni. Da muka fito, ita ta ba ayarin labarin ƙauyen da bakinta, ni na koma gefe ina saurare kamar baƙo.

An fasa dutsen kamar yadda aka ce. Yau bene ne a wurin, ƙasansa shagunan waya. Mama Ladi ma ta rasu, Rifkatu ce ta kira ta sanar da ni.

Na kai manyan baƙi wurare da dama, amma ba aikin da nake alfahari da shi kamar wannan. Abin da na koya shi ne, ƙafa da ido da gaisuwa su ne kayan aikin jagora. Da ban gaisa da maigadi ba, da ƙofar ba ta buɗu ba. Da ban lura da karkatar gurbin nan ba, da tsohuwar ta koma Kurudu hannu rabbana. Shi ya sa har yanzu nake tsayar da ayari a gaban benen nan, masu shago suna kallona kamar na zautu, in nuna musu tayil ɗin bakin ƙofa in ce, "A nan wata bahaguwa take niƙa, kuma 'yarta ta zo ta sami gurbinta kafin a fasa dutsen."