Baba Labule Bai Taɓa Ganin Wasa Daga Gaba Ba

Ƙarfe bakwai yake buɗe zauren taron unguwa, ko da wasa ko babu. Ya share dandamali, ya ɗiga mai a ƙarfen da labule ke gudu a kai, ya bi igiya da hannu yana neman inda ta fara cinyewa. Sannan ya zauna a 'yar kujerarsa ta bayan bango, gefen hagu. Shekara ashirin da takwas ke nan. Sunansa na yanka ya ɓace. Baba Labule kowa ke ce masa, har jikokinsa.

Duk shekara unguwa kan yi makon wasanni. 'Yan makaranta su yi waƙa, masu zane su rataye zanensu, ranar Asabar da la'asar a rufe da wasan kwaikwayo. 'Yan wasan ba wasu ba ne: tela, direba, mai aski, malamar firamare. Mutane ne masu haddar magana a bakin sana'a. Dole su manta.

Baba ba ya kallon fuska, ƙafa yake kallo. Ya ce duk wanda magana ta kuɓuce masa, yatsun ƙafarsa ke fara lanƙwashewa. Yana gani sai ya ja igiya, ya raɗa wa mutum maganarsa a bayan labule, ya buɗe. Ba gwajin wasan da ke wuce shi, don haka maganar kowa tana kansa. Masu kallo sun ɗauka salonmu ne. Wani baƙo ma ya taɓa yabon yadda muke yanke wasa a tsakiyar zance don a ƙara zaƙuwa. Kwamiti ya karɓi yabon hannu bibbiyu, bai san me ake yabawa ba.

Bana kafaɗa ta ƙi. Likita ya hana shi jan nauyi.

"Baba, kai ne babban baƙo," in ji shugaban kwamiti. "Kujerar gaba."

"To wa zai ja?"

"Sakatare. Mun rubuta masa a takarda, wuri bakwai za a rufe."

"Bakwai? Bara sau goma sha shida na rufe."

Shugaba ya dubi Sakatare, Sakatare ya dubi takarda.

"Sauran taran na mene ne, Baba?"

Baba ya gyara hula. Ya yi musu sallama.

Mai aski ne damuwarsa. Abokinsa ne tun suna samari, shekara goma sha biyar yana fitowa a alƙali. Kwamiti ya fara raɗe-raɗin tsufa ya kama shi, a sauya shi. Ga surukan 'yarsa za su zo kallo. Mai askin da kansa ya ce wa Baba, "In na kunyata yau, na sauka ke nan."

Aka zaunar da Baba a gaba cikin sabbin kaya. Labule ya buɗe, kan Baba ya ɗaure. Hagu ta koma dama. Mutanen da ya sani ta gefe da ƙeya duk sun juyo masa fuska.

"Wannan wasan ne muka yi wata biyu muna gwadawa?" ya tambayi matarsa.

"Ni za ka tambaya, Malam?"

"Ashe haka tela ke zare ido?"

"Ka yi shiru, ana kallonka."

Ya nemi ƙafafu, babu. An jera tukwanen fure a bakin dandamali saboda babban baƙo, sun tare komai. Ya zauna kamar wanda aka ƙwace wa tabarau.

Sai aka zo wurin shari'a. Alƙali ya ɗaga hannu, ya buɗe baki. Shiru. Direba, wanda ya fito a ɗan sanda, ya dubi silin. Daga bayan bango ana jin Sakatare yana juya takarda. Nan ba ya cikin bakwai ɗin. Can baya wani ya fara dariya.

Baba ya miƙe. Ya taka matakala uku, ya hau. Bai taɓa tsayawa a wurin ba labule yana buɗe. Jama'a suka ɗauka lokacin karrama shi ya yi, suka tashi da tafi. Shugaba ya ɗauka shi ne ya manta da jerin shiri, ya ruga da takardar yabon da aka tanadar wa Baba. Sakatare ya ja labule rabi, ya tsorata, ya mayar. Baba dai bai kula kowa ba. Ya bi ta bayan kujerar alƙali, ya sunkuya kamar mai gyaran takalmi.

"A kawo shaida, tsohon banza," ya raɗa wa alƙali.

"A kawo shaida!" in ji mai aski, da muryar da ta girgiza taga.

Direba ya waiga, ya ga Shugaba tsaye a tsakiya da takarda a hannu. Ya damƙe shi. Shugaba ya ba da shaida ta minti biyar a kan satar akuyar da bai san da ita ba. Surukai suka yi dariya har da hawaye.

Har yau unguwa ba ta daidaita a kan abin da ya faru ba. Wasu sun ce shiri ne, wasu sun ce Baba ya rikice. Mai aski ne ya tona zancen a shagonsa, ya ce a rubuta, shi ba ya jin kunya. Kwamiti ya bar masa alƙalancinsa.

Baba, kai ne wanda aikinsa in ya yi kyau ba a gani. Kai ne ka san ranar da kowannenmu ya daskare, ba ka taɓa kai zancen ko ƙofar gida ba. Mun rasa yadda ake gode wa irinka. Takarda muka kawo, ita ma ba ta iso hannunka ba ranar.

Ku da kuka rage, in kun ga ɗan'uwa ya tsaya cak a gaban jama'a, kada ku ɗaga waya. Ku tashi ku tare shi.

Mun gode, Baba. Allah ya ba kafaɗa lafiya, ya rufa maka asiri duniya da lahira.